Sa Hannun Yaya Siddiq

Litinin, 4 ga Agusta, ƙarfe goma na safe

Yau na buɗe shagon. Rabona da unguwar Kambarawa tun ranar Alhamis ɗin nan da Yaya ya faɗi. Kofin shayin Yaya Siddiq yana nan inda ya ajiye shi, har ya yi fumfuna, na wanke. Kujerarsa kuma tana kwance a ƙasa yadda muka fita muka bar ta. Na ɗaga ta na mayar gaban teburinsa, ban zauna a kai ba.

Na leƙa cikin gida in gaida matarsa, Anti Ramla. Tana haɗa kulolin abincin asibiti. Na ce ina kwana, ta ce lafiya. Na ce ya mai jiki, ta ce da sauƙi. Ba ta ɗago ba. Shekarun nan da nake aiki da Yaya a shagon ƙofar gidanta, ban taɓa shiga na fito ba ta biyo ni da kofin kunu ba sai yau.

Na dawo na kunna kwamfuta. Saƙonni sun taru kamar ba abin da ya faru. To, ina za su sani.

Litinin, bayan la'asar

Hajiya ta ce in daina zuwa ina zama ni kaɗai a can. Na ce aiki nake. Ta ce, "Aikin nan dai." Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban nemi ƙarashen ba.

Talata, 5 ga wata, da hantsi

Yaya yakan ce duk abin da ka kasa yi wa Hajiya bayaninsa, kai ma ba ka gane shi ba. Uwarmu ba ta son ji yanzu, don haka takarda ce za ta sha bayani.

A cikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, akwai wasu 'yan ma'aikata da ba su iya komai ba sai ƙirge. Yaya ya laƙaba musu 'yan ƙidaya. Ka ce wa ɗaya ya ƙirga umarni nawa aka zartar, ka ce wa wani ya ƙirga sau nawa furosesa ya laluba aljihunsa bai samu abin da yake nema ba sai da ya taka har rumbu. Da wannan ƙirgen masu rubuta manhaja ke gano inda manhajarsu ke jan ƙafa. Amma manhaja ba ta isa ta yi wa 'yan ƙidaya magana kai tsaye ba, sai ta bi ta kernel, uwar tsarin da ke zaune tsakanin ƙarfe da sauran manhajoji. Aikinmu ni da Yaya, sama da shekara, shi ne fasa tagar da za a riƙa miƙa tambaya a karɓi amsa a wani sabon furosesa da ake ta zuzutawa.

Ga inda gizo ke saƙar. 'Yan ƙidayar huɗu ne kacal, masu son a ƙirga musu abu kuwa ba iyaka. Dole a yi karɓa-karɓa: a ƙirga wa wannan na ɗan lokaci, a sauke shi, a ɗora wancan. Kamfanin da ya ƙera furosesan su ma sun kawo tasu tagar. Su idan an ƙirga maka na kwatan lokaci, sai su ninka huɗu su miƙo maka lamba ɗaya tsaf, kamar an tsaya kanka tun farko har ƙarshe. Yaya ya ce wannan ƙarya ce ta sha kwalliya. Tagarmu lamba uku take bayarwa: ga abin da aka ƙirga, ga tsawon lokacin da ka nema, ga tsawon lokacin da aka samu aka tsaya kanka. In kana son ninkawa ka ninka da hannunka, ka san kai ka ninka.

Abin da ya sa ake ta da jijiyar wuya kan 'yar taga, a kernel taga in ta buɗu ba a toshe ta. Mutane za su yi gini a kanta, kuma doka ce ba a rushe wa mutane gini. Abin da aka karɓa bana shi jikoki za su tarar.

Ranar Lahadi 24 ga wata ake rufe ƙofar karɓar sabon aiki. Namu ya kammala. Saura Yaya ya yi masa karatun ƙarshe ya sa hannu. Abin da muka zauna yi ke nan ranar Alhamis.

Laraba, azahar

Ruwa tun safe, batirin sola bai cika ba. Da sauƙi, in ji kowa.

Alhamis, 7 ga wata, bayan magariba

An raba jinya. Anti Ramla da safe, ni daga azahar zuwa la'asar, Hajiya da yamma, Kawu Sada shi ke kwana tunda ɗakin maza ne. Mu huɗu, karɓa-karɓa. Da Yaya ne ya lura da wannan da sai ya yi dariya har ya ƙware.

Idonsa a buɗe yake. Fanka yake kallo. Na ce, "Yaya, Madina ce." Ya juyo ya dube ni yadda ake duban mai tallar da ba a kira ba, ya koma kan fankarsa. Na goge masa gefen baki. Na gyara masa hannun dama da ya shanye yake ta zamewa. Na yi ta ba shi labarin banza, har da na akuyar maƙwabta da ta cinye wa Hajiya zogale.

Likita ya shigo daidai isowar Hajiya. Ya ce yana gane ku kuwa? Hajiya ta yi caraf, "Shina ganewa ƙwarai, likita. Ai da sauƙi sosai, mun gode Allah." Ya juyo gare ni. Na ce ina ga yana ganewa.

Sai da na hau a-daidaita na tuna. Kallo ɗaya ya yi mini a duk zamana. Ni na ninka.

Juma'a, ƙarfe goma sha ɗaya

Sarkin Ƙofa ya rubuto. Haka muke kiran mutumin da ke karɓar aiki ko ya ƙi a sashenmu, wani Bature a wata ƙasa mai sanyi, ko hotonsa ban taɓa gani ba. Shekara da shekaru muna mu'amala, bai taɓa tambayata ya gida ba. Na riga na tura masa aikinmu da sa hannuna ni kaɗai. Saƙonsa yau kamar kullum, ba sallama ba sai anjima: "Sunan mutum biyu a sama, sa hannun mutum ɗaya a ƙasa. Ina na biyun?"

Sa hannun nan ba biro ba tawada. Layi ɗaya ne a gindin facin, wato gyaran manhajar da ake turawa, mutum ya buga sunansa da adireshinsa. Ma'anarsa na karanta, na yarda, in ya rushe a neme ni. Ba mai zuwa ya duba yatsun wa suka buga. Ka'idar guda ce, mai sunan shi ke rubutawa. Dubban mutanen da ba su san fuskar juna ba, a kan wannan amanar kaɗai suke gini.

Na rubuta masa amsa sau uku ina gogewa. Daga ƙarshe na ce, abokin aikina ba ya nan yanzu. Ban san me nake nufi da hakan ba, kuma na san me nake nufi.

Asabar, da rana

Babu kowa a shagon sai ni da ƙarar inbatar da ke ba mu wuta. Ban san tana da ƙara haka ba. Ashe surutun Yaya ke rufe ta.

Lahadi, 10 ga wata, bayan la'asar

Kawu Sada ya zo gidan Hajiya a Ƙofar Sauri cin abinci kafin ya wuce asibiti. Ya ga na tasa tuwo a gaba ina juya shi, ya ce mi ya hwaru. Ban san abin da ya sa na gaya masa ba. Wataƙila don shi kaɗai ya tambaya.

Ya saurara har ƙarshe, ya suɗe hannu, ya ce, "To Madina, ina abin damuwa nan? Rubuta mashi mana."

Na ce ba a yi, Kawu.

Ya ce, "Ba a yi? Ranar ɗaurin auren Siddiƙu shina Zariya shina jarrabawa. Wa ya karɓa mashi? Ni. Aure bai ɗauru ba? Ga ɗiya ukku nan suna yawo. Gaisuwar mutuwa a kan wakilta, suna a kan wakilta, har aikin Hajji a kan yi ma mutum. Sai wanga abu naku na kwamfuta ne ya hi su duka tsarki? Ke ƙanwasshi ce hwa, ciki ɗaya."

Na ce ranar auren ai Yaya ya san yarinyar, shi ya ce a karɓo masa.

Ya ce, "To wannan bai san shi ba? Ba shi ya yi ba?"

Nan ya kama ni. Hajiya daga bakin murhu ta ce, "Ku ƙyale ta, ita da ɗan'uwanta duk taurin kan ubansu ne." Ta faɗa kamar tana faɗa, amma muryarta ta karye a wajen ɗan'uwanta.

Litinin, ƙarfe goma sha biyu

Na buga layin. Sunansa cikakke, adireshinsa, ba kuskure ko ɗaya, na fi shi iya rubuta shi ma. Na zauna ina kallo har allon ya dushe don kansa. Na taɓa, ya dawo, layin na nan. Ba wanda zai taɓa sani.

Na juya don in tambayi Yaya ko in tura. Wallahi na juya.

Na goge.

Talata, azahar

Fanka.

Laraba, 13 ga wata, bayan la'asar

Na gaya wa Sarkin Ƙofa gaskiya, iyakar wadda na iya rubutawa. Na ce yana asibiti, ba ya iya rubutu, ba mu san yaushe ba.

Amsarsa ta fi ta kullum tsawo da layi ɗaya, ya ce ya yi baƙin cikin ji. Sannan ya kawo mafita. In cire sunan Yaya daga sama, in tura da sunana ni kaɗai, a ƙasa in rubuta cewa asalin tunanin na wane ne, muna godiya. Ya ce haka aka saba yi, ba laifi a ciki.

Na san haka aka saba yi. Na san kuma su wa ake yi wa. Bara akwai wani dattijo da ya shekara ashirin yana riƙe da wani sashe, wata rana aka ga faci ya shigo da sunansa a layin godiya, kowa ya gane ba sai an faɗa ba. Yaya ya karanta ya cire tabarau ya ce Allah ya sa mu cika da kyau.

Ba zan sa Yaya a layin godiya ba. Yana nan. Ɗazu na ba shi ruwa da cokali ya haɗiye.

Ban amsa ba. Ina jin haushin mutumin nan, kuma na san kirki ya yi mini. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Alhamis, da safe

'Yan dubiya sun cika gidan Hajiya. Kowa ya shigo, ya mai jiki, da sauƙi, Allah ya ƙara sauƙi, amin. Na ƙirga wa kaina, ni ma na faɗa ya fi a ƙirga. Wata ƙawar Hajiya ta ja ni gefe ta ce in rage kallon allo, haskensa ke shanye mutum. Na ce to.

Ba wanda ya ce laifina ne. Shi ya sa ban da wanda zan ce wa ba laifina ba ne.

Juma'a, 15 ga wata, ƙarfe goma

Mutanen kamfani sun taso. Injiniyoyinsu uku suka yi mini taron dangi a zauren tattaunawa na intanet, cikin ladabi irin mai ƙona rai. Wai lamba uku wahala ce ga mai amfani, wai kayan aikinsu duk an riga an rubuta su kan lamba ɗaya, wai bambancin ba ya da yawa a mafi yawan lokuta. Mafi yawan lokuta! Manhajar da ke barci ta farka ta yi aiki kamar mahaukaciya ta koma barci fa? In an leƙa ta tana barci aka ninka, sai a ce ba ta komai. Na san amsar, na rubuta, amma ba ta yi kaifi ba. Yaya ke iya yanka su da layi biyu su gode masa.

Sarkin Ƙofa ya yanke. Ya ce tsarin karɓa-karɓarmu ya fi nasu tsabta, yana son namu. Amma ba zai yi yaƙi da masu ƙarfen ba saura mako guda. In mun yarda da lamba ɗaya, zai ɗauki namu. In ba haka ba, nasu.

Asabar, ana ruwa

Na cire lambobin lokacin guda biyu. Na sa kernel ya ninka da kansa ya miƙa lamba ɗaya. Bai ɗauke ni komai ba, kafin shayina ya huce na gama. Na gwada, yana aiki. A ido ma ya fi kyau.

Na ce wa kaina gara sunansa ya shiga da rabin abin da yake so, da a wayi gari babu ko ɗaya. Da babu gara ba daɗi. Wannan maganar na taɓa yin ta, a shagon nan, da murya sama. Ranar Alhamis ce.

Lahadi

Ban je shago ba. Ban rubuta komai ba. Wannan ma bai kamata a ƙirga shi ba.

Litinin, 18 ga wata, da hantsi

Na shiga wurin Anti Ramla kafin ta fita. Na ce ina so in kai wa Yaya kwamfuta asibiti, ko Allah zai sa ya iya danna sunansa da hagu.

Ta ajiye kular da ke hannunta a hankali, irin ajiyewar da ta fi jifa. Ta ce, "Abin da ya kwantar da shi za ki bi shi da shi har gado? Madina, ranar ina kicin nake jin muryoyinku. Ina cewa bari in gama in zo in raba ku, kamar kullum. Sai na ji kujera."

Na ce Anti.

Ta ce, "Ban ce komai ba. Amma kwamfuta ba za ta shiga ɗakin nan ba ina numfashi."

Na fito. A soro na tsaya na gama abin da zan yi, na share fuska, na shiga shago.

Talata, la'asar

Yau ya bi cokali da ido. Ko kuwa ni na so ya bi.

Laraba, 20 ga wata, ƙarfe tara

Sarkin Ƙofa: "Na ga sabon. Ya yi. Sa hannu, ko layin godiya. Zaɓi ɗaya kafin Lahadi."

Da ma yana da ƙofa ta gaske, irin ta Ƙofar 'Yanɗaka, in je in zauna a gindinta in yi ta roƙo har ya gaji. Ba a roƙon mutum ta saƙo. Ba ya ganin ka durƙusa.

Alhamis, 21 ga wata, bayan la'asar

Na iso karɓar jinya na tarar da Anti Ramla a barandar ɗakin, ba a ciki ba. Wayarta a hannu, hoton yaran a kai. Na ce ya mai jiki. Ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta fasa.

Ta ce, "Kullum sai na nuna masa su. Ɗanmu Ashraf ya yi masa karatu na ɗauka a waya, na kunna masa a kunne. Ko gezau. Hajiya ta ce yana ganewa, Kawu ya ce jiya har murmushi ya yi. Ni ban gani ba. Ko ni ce ba ya yi wa?"

Na ce ni ma ban gani ba, Anti.

Ta dube ni, karo na farko tun ranar. Muka zauna a bencin nan, mutane na ta wucewa da filas da tabarmi.

Can ta ce, "Ki kawo abin naku gobe. In ya gane shi bai gane ni ba, to, na dai san yana ciki." Ta tashi ta ɗauki kulolinta. Ban taɓa jin tausayin mutum da kunyarsa lokaci guda haka ba.

Juma'a, 22 ga wata, bayan magariba

Bari in rubuta yadda ya faru, kada gobe in ƙara masa gishiri.

Anti Ramla ba ta tafi ba, ta tsaya a ƙafar gado. Muka ɗaga shi muka jingina da matasai. Na ɗora kwamfutar a kan teburin cin abincin marasa lafiya, na ƙara girman rubutu har ya zama kamar na allon 'yan aji ɗaya. Na ce, "Yaya, facinmu ne. Jibi ake rufewa. Sunanka kawai za ka sa, nan ƙasa." Na kai masa hannun hagu kan maɓallai.

Fanka yake kallo. Na ji Anti ta sauke numfashi. Har na kai hannu zan rufe.

Sai idonsa ya sauko. Ba ƙasa ya duba ba inda na nuna. Yatsansa ya lalubi maɓallin hawa sama, ya kuskure, ya sake, ya samu. Ya yi ta dannawa har ya kai farkon facin. Na manta wane ne shi. Mutumin da ko takardar makarantar yara ba ya sa wa hannu sai ya karanta bayanta.

Ya fara saukowa layi-layi. A hankali ƙwarai, har aka kira la'asar aka idar yana abu ɗaya. Ni dai na san inda zai isa. Ina addu'a ya gane, ina addu'a kada ya gane.

Ya isa. Wurin da lambobi uku suke a da, yanzu ɗaya. Yatsan ya tsaya. Ya hau sama kaɗan, ya sauko, ya sake hawa, kamar mai neman takalminsa a ƙofar masallaci. Sannan ya ɗaga hannun daga maɓallai, ya dangwala yatsa a kan allon daidai gurbin. Ya juyo ya dube ni. Ba kallon mai talla ba. Kallon da ya yi mini ina 'yar aji uku da na kwafi lissafi a littafin wata.

Ya ja tsaki.

Rabin tsaki ne, don rabin bakin ne ke aiki. Amma tsaki ne, na Yaya, mai ɗan jan nan a ƙarshe. Ya sa bayan hannu ya ture kwamfutar, da ban tare ba da ta sha ƙasa.

Anti Ramla ta dafe ƙarfen gado. Ta ce, "Wallahi shi ne. Madina, shi ne! Tsakin nan ni na san shi, shekara goma sha ina shan shi kan gishirin miya." Tana dariya hawaye na zuba. Ta zagayo ta kama fuskarsa ta ce, "Ashe kana jinmu, mugu." Ya lumshe ido. Ban san ko amsa ce ko gajiya ba, ba zan ninka ba.

Na ce, "Yaya, in ba ka sa ba nasu za a ɗauka." Bai buɗe ido ba. Na buɗe masa tsohon, mai lamba uku, na ce to ga wannan. Barci ya riga ya ɗauke shi.

A baranda Anti ta ce me ya gani ya ɓata masa rai haka. Na yi mata bayanin 'yan ƙidaya huɗu, da karɓa-karɓa, da masu ninkawa su ba ka lamba ɗaya. Ban taɓa yi wa wani a gidanmu bayanin nan ya tsaya har ƙarshe ba. Ta gyaɗa kai.

Asabar, azahar

Na sake kai kwamfutar. Yau fanka ce kawai, har na tashi. Likita ya ce haka abin yake, rana ta bayar rana ta hana.

Lahadi, 24 ga wata, da hantsi

Na rubuta wa Sarkin Ƙofa. Na ce abokin aikina ya karanta sabon facin da idonsa, bai yarda ba, don haka na janye shi. Tsohon kuma bai samu ƙarfin karantawa ba, ba zan sa masa hannu ba, ba kuma zan sa shi a layin godiya ba.

Na tura. Na zauna ina jin haushin Yaya kamar in koma asibitin in rama tsakin. Sama da shekara muna abu, ya ture shi da bayan hannu.

Litinin, ƙarfe goma

An rufe ƙofa. Tagar kamfani ta shiga, lamba ɗaya, kuma ba za ta fita ba har mu mutu. Na karanta sanarwar sau biyu. Babu sunansa, babu nawa. Ya yi mini ciwo, ba zan ce bai yi ba.

Sarkin Ƙofa ya aiko mini ni kaɗai: "Ki gaya masa shi ke da gaskiya, kuma duk da haka nasu na ɗauka. Ba a toshe taga, amma ana fasa wata a gefenta. Ku kawo in ya iya karantawa. Yaya jikinsa?"

Yaya jikinsa. Yau daga wata ƙasa mai sanyi aka tambaye ni. Na rubuta da sauƙi, na goge. Zan amsa masa gobe in na samu abin faɗa.

Na share shagon. Na goge teburinsa, na bar kujerar inda take.

Talata, 26 ga wata, bayan la'asar

Na isa asibiti da azahar. Anti Ramla na naɗe sallaya. Na ce sannu da jinya, Anti, ya mai jiki?

Ta ce, "Tun safe nake nan, ban da fitar da na yi karɓo magani, layin da tsawo. Ya matse mini hannu sau biyu. Ya sha kunu rabin kofi. Abin da ya yi ina waje ban sani ba."

Ta ɗauki jakarta, ta nuna filas ɗin da ke kan durowa da haɓa.

"Sauran naki ne. Ki sha kafin ya huce."